Kafso Ja Da Rawaya: Aikinsa, Amfaninsa Da Haɗarinsa

Da wuya a sami kasuwar ƙauye a ƙasarmu wadda ba a sayar da kafso ja da rawaya a cikinta. Wasu suna ce masa ja da yalo. Mai tebur yana da shi, mai yawo da kwali a ka yana da shi, kemis ma yana da shi. Mai ciwon ciki ya sayi biyu ya haɗiye. Uwa ta fasa ɗaya ta dama wa jariri mai zawo. Saurayi mai ƙurajen fuska ya sayi na kwana uku. Wanda fartanya ta sare shi ya barbaɗa garin a kan miki. Kaji kuma in suka fara gyangyaɗi, sai mu zuba musu ɗan'uwansa a ruwa har ruwan ya yi rawaya.

Sunan wannan magani tetirasaikilin. Yana da 'yan'uwa biyu da ya kamata mu sani. Na ɗaya shi ne oksitetirasaikilin, wanda muka fi gani cikin maganin kaji da allurar shanu. Na biyu shi ne doksisaikilin, wanda likitoci suka fi rubutawa yanzu domin ƙurajen fuska da wasu cututtuka. A jikin kwali za ku ga an rubuta su da Turanci haka: tetracycline, oxytetracycline, doxycycline. Suna za mu riƙa dubawa, gama launin kafso yakan ruɗi mutum. Kamfani biyu suna iya zuba magani dabam dabam cikin ɓawo mai launi ɗaya.

Magani ne mai kyau ƙwarai, ga araha, ya kuwa ceci rayuka masu yawa. Amma ƙarfinsa yana raguwa shekara da shekara, kuma da hannunmu a ciki. In mun gane yadda yake aiki a cikin jiki, za mu gane dalilin dokokin da malaman asibiti suke kafa mana a kansa, mu kuma san yadda za mu tsare shi domin 'ya'yanmu.

Daga Ƙasa Ya Fito

Kowane manomi ya san ƙanshin da ƙasa take yi sa'ad da ruwan farko ya sauka. Wasu ƙananan halittu ne masu zama cikin ƙasa suke fitar da wannan ƙanshi. Masana suna kiransu Streptomyces, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Domin su tsare wurinsu da abincinsu, sukan fitar da wani abu mai hana sauran ƙwayoyi yaɗuwa kusa da su. Daga nan ne aka sami maganin da muke magana a kai.

A shekara ta 1945 wani dattijo masanin tsirrai a Amurka, mai suna Benjamin Duggar, yana gwada ƙasar da ake aiko masa daga wurare dabam dabam. Ya riga ya haura shekara 70, ya kuma yi ritaya daga koyarwa. Cikin ƙasar da aka ɗebo daga gonar gwaji ta Jami'ar Missouri ya sami wata irin Streptomyces mai fitar da abu rawaya kamar zinariya. Kamfanin Lederle ya fito da shi a 1948 da sunan Aureomycin. A 1950 kamfanin Pfizer ya fito da nasa, wato Terramycin, sunan kuwa daga kalmar ƙasa ne a harshen Latin. Shi ne oksitetirasaikilin. Bayan 'yan shekaru aka sami tetirasaikilin kansa. A 1967 kuma doksisaikilin ya fito, wanda ya fi na farko daɗewa a jini, har ana iya shansa sau ɗaya ko sau biyu a rana maimakon sau huɗu.

Yadda Yake Aiki A Cikin Jiki

Ƙwayoyin cuta iri iri ne. Akwai bakteriya, akwai bairas, akwai kuma tsutsotsi da sauransu. Bakteriya halitta ce mai rai, tana ci, tana girma, tana rabuwa biyu. In ta sami wuri mai daɗi, wata irin takan rabu kowane minti 20. A haka, ƙwaya ɗaya za ta haura miliyan biyu cikin awa 7.

Kafin ta girma ta rabu, dole ta gina jikinta da furotin. A cikinta akwai ƙananan injuna da ake kira ribosom, su ne magina. Mu ɗauka magini ne yana gina katanga, lebura yana miƙo masa tubali ɗaya bayan ɗaya. Tetirasaikilin yakan shiga cikin bakteriya, ya je ya zauna daidai wurin da ake miƙo tubalin. Lebura ya zo da tubali, ba hanya. Gini ya tsaya. Ƙwayar ba ta iya girma, ba ta iya haihuwa.

Me ya sa ba ya tsai da ginin jikinmu mu ma? Dalili biyu ne. Injunan jikin mutum da na dabba ƙirarsu dabam ce, maganin ba ya kama su sosai. Bakteriya kuma da kanta take jawo maganin ta tara shi a cikinta, abin da naman jikinmu ba ya yi.

Mu lura da abu biyu a nan, gama duk sauran maganar a kansu take.

Na farko, wannan magani ba ya kashe ƙwayoyin cuta kai tsaye. Ɗaure su yake yi, sojojin jini su zo su ƙarasa su. Wannan aiki yana cin kwanaki. In mutum ya sha na kwana biyu ya ji sauƙi ya daina, ya kwance ɗaurin tun aiki bai ƙare ba. Kamar mai noma ne da ya nome rabin gona ya rataye fartanya.

Na biyu, bairas ba ta da waɗannan injuna nata na kanta. Saboda haka maganin ba shi da wurin kamawa. Mura, ƙyanda, shawara irin ta bairas, da yawancin zawon yara, duk ba ruwansu da tetirasaikilin. Kuɗi ne kawai ake zubarwa, a kuma jawo haɗari.

Ƙurajen Fuska

A fatar fuska da ƙirji da baya akwai ƙananan ramuka inda gashi yake fitowa. A gindin kowane rami akwai 'yar jaka mai fitar da maiƙo domin fata ta yi laushi. Sa'ad da yaro ko yarinya suka fara balaga, maiƙon yakan ƙaru. In matacciyar fata ta haɗu da maiƙo ta toshe bakin ramin, sai wata bakteriya wadda dama tana zaune a fatar kowa ta sami abinci ta yawaita a ciki. Jiki ya taso mata da faɗa, wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya. Wannan shi ne ƙurajen balaga. Ba ƙazanta ce take kawo su ba, ba a kuwa ɗaukarsu daga wani.

Yawancin masu ƙuraje ba sa bukatar kafso ko kaɗan. Wanke fuska da sabulu marar ƙarfi safe da yamma, da barin shafa mai mai nauyi a fuska, da wani man shafawa da ake kira benzoyl peroxide, sukan isa. Wannan man yana cinye launin tufafi, sai a kula da riga da matashin kai. Kada a matse ƙuraje da farce. A baƙar fata, matsa takan bar baƙin tabo wanda yake daɗewa fiye da ƙurjin kansa.

Sai ƙurajen sun yi yawa, sun yi zurfi, suna zafi, suna neman barin tabo, sa'an nan likita yakan rubuta doksisaikilin. Yawanci miligiram 50 zuwa 100 ne sau ɗaya a rana. Aiki biyu yake yi a nan: yana rage bakteriya, yana kuma kwantar da kumburi. Amma sai da haƙuri. Sauƙi ba ya bayyana sosai sai bayan mako 6 zuwa 8, ana kuwa shansa wajen wata 3 kafin likita ya sake dubawa. Ba a barin mutum a kansa shekara da shekaru. Ba a kuma ba da shi shi kaɗai, sai tare da man shafawa, domin man yana buɗe ramukan da suka toshe, yana kuma hana bakteriya sabawa da maganin. Bayan an daina kafso ana ci gaba da man.

To, ku duba saurayin da ya sayi na kwana uku, ya bari, bayan mako biyu ya sake sayen na kwana uku. Fuskarsa ba za ta warke ba, ƙwayoyin jikinsa kuwa suna koyon jure maganin. Haka nan mai fasa kafso ya cuɗa da man shafawa. Ba don fata aka yi garin ba.

Akwai kuma gargaɗi ga 'yan mata da iyayensu. Da yawa daga cikin mayukan sauya launin fata suna ɗauke da magani mai ƙarfi irin su clobetasol da betamethasone. Waɗannan da kansu suna fito da ƙuraje, suna kuma sa fata ta yi siriri. Muddin ana shafa su, ba kafson da zai gyara fuska.

Sauran Cututtukan Da Yake Magancewa

Ban da ƙuraje, wannan iyali na magani yana da manyan ayyuka a ƙauyukanmu.

Kwalara, wato amai da gudawa. Abin da yake kashe mai kwalara shi ne ƙarewar ruwan jiki, saboda haka magani na fari shi ne ruwan gishiri da sukari, da ƙarin ruwa a asibiti. In ba a sami na fakiti ba, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Ga babban mutum mai ciwo mai tsanani, ma'aikatan lafiya sukan ƙara da doksisaikilin miligiram 300 sau ɗaya tak, domin ya rage kwanakin gudawa. Kafso ba ya maye gurbin ruwa.

Bakkale. Masu shanu sun san wannan cuta mai sa saniya ɓari. Tana kama mutum ta wurin shan ɗanyen madara, ko taɓa ɗan maraƙin da aka yi ɓarinsa da mahaifa da hannu tsirara. Alamarta zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi da baya. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Maganinta doksisaikilin har mako 6, tare da wani magani na biyu da likita zai haɗa. Wanda ya tsaya a mako biyu, ciwon zai komo.

Amosanin ido. Man ido na tetirasaikilin, ana sa shi sau biyu a rana har mako 6, ya daɗe yana tsare idanun yara daga wannan cuta mai kai ga makanta. Yanzu an fi amfani da wani magani mai suna azithromycin wajen rabo ga jama'a, amma man idon yana nan da amfaninsa, musamman ga jarirai ƙanana.

Ciwon sanyi. Shi ma iri iri ne. Irin da ake kira kilamidiya yana jin doksisaikilin, miligiram 100 sau biyu a rana har kwana 7, miji da mata kuwa tare za a yi musu magani. Amma gonoriya ta riga ta fi ƙarfin tetirasaikilin a yawancin wurare. Saboda haka sai an gwada an san wanne ne.

Akwai kuma zazzaɓin da kaska da ƙwarƙwata suke kawowa, da wasu irin ciwon huhu. Har ma tsutsar da take kawo tundurmi da makantar bakin rafi, an gano akwai wata bakteriya a cikinta wadda ba ta iya haihuwa in babu ita. Doksisaikilin na mako 4 zuwa 6 yana raunana tsutsar ta wurin kawar da wannan bakteriya. Wannan aikin likita ne, bai kuwa hana mu karɓar Mectizan lokacin rabo ba.

Ga kuma inda ba shi da aiki. Ba maganin taifot ba ne. Ba ya warkar da zazzaɓin cizon sauro shi kaɗai, ko da yake akan ba baƙi matafiya shi domin rigakafi. Ba maganin zawon yara ba ne, abin da yaro mai zawo yake bukata shi ne ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da nono da abinci. Ba kuwa maganin “wanke jini” ba ne, kamar yadda masu talla suke faɗa.

Dokokin Shansa

1. Kada a haɗa shi da nono. Tetirasaikilin yana manne wa sinadarin alli da yake cikin madara da nono da kindirmo. In sun haɗu a ciki, sai su dunƙule su wuce ta hanji ba tare da maganin ya shiga jini ba. Mai shan ja da rawaya ya sha shi awa 1 kafin abinci ko awa 2 bayan abinci, kada ya bi shi da fura da nono. Doksisaikilin ya fi sauƙi, ana iya shansa da abinci domin kada ya tayar da zuciya.

2. Ƙwayar ƙarin jini da farin maganin gyambon ciki su ma suna ɗaure shi. A bar tsakani na awa 2 zuwa 3.

3. A sha da ruwa cike da kofi, a zaune ko a tsaye. Kada a kwanta sai bayan rabin awa ko fiye. In kafson ya maƙale a maƙogwaro ya narke a can, yana ƙona wurin har haɗiya ta gagara.

4. A kula da rana. Doksisaikilin yana sa fata saurin ƙuna. Mu da muke yini a gona, mu sa malafa da riga mai dogon hannu. Zabiya da masu hasken fata su fi kowa lura.

5. A sha daidai yadda aka rubuta, har kwanakin su cika. Kada a raba da maƙwabci, kada a ajiye saura domin wata rana.

6. A duba ranar lalacewa. Tsohon tetirasaikilin wanda zafi da laima suka ɓata yana iya cutar da ƙoda, likitoci sun ga haka tun cikin shekarun 1960. Wanda ya yini a rana a kan tebur, an zube shi cikin leda ba suna ba kwanan wata, ba abin saye ba ne. A nemi lambar NAFDAC a jikin kwali.

7. In mutum ya ga ƙaiƙayi da kumburin fuska ko leɓe, ko zawo mai yawa mai jini, ko ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi, ya daina sha ya tafi asibiti a ranar. Mata kuma wani lokaci sukan sami ƙaiƙayin gaba da farin ruwa, gama maganin yana taɓa har da ƙwayoyi masu amfani. Wannan yana da magani, a faɗa wa ma'aikaciyar lafiya.

Mata Masu Ciki Da Ƙananan Yara

Wannan hali na manne wa alli bai tsaya a kan nono ba. Ƙashi da haƙori ma da alli aka gina su. A 1980 masana suka ba da labarin ƙasusuwan mutanen Nubiya ta dā, a ƙasar Sudan, waɗanda suka rayu fiye da shekara 1,400 da suka wuce. Sun sami tetirasaikilin a cikin ƙasusuwan, ana kuwa ganin ya shiga jikinsu ne ta wurin abin shan da suke yi da hatsi. Duk wannan daɗewa bai fitar da shi ba.

Haka yake yi a haƙoran yaro da suke kan ginuwa. Yakan shige ciki ya mai da su rawaya ko ruwan ƙasa ko toka-toka har iyakar rai, ba asawaki ko buroshin da zai fitar. Saboda haka ba a ba mace mai ciki, ba a kuma ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Mai shayarwa ta tambayi likita tukuna. Budurwa ko amarya mai shan doksisaikilin domin ƙuraje, in ta ga wata ya wuce, ta daina ta je awo. An gane yanzu cewa doksisaikilin na 'yan kwanaki bai cika ɓata haƙori kamar tsohon ja da rawaya ba, don haka likita yana iya ba yaro shi in cutar mai haɗari ce. Amma wannan shawarar likita ce, ba ta mai tebur ba.

A Garke Da Akurki

Oksitetirasaikilin abokin makiyayi ne na gaske. Yana maganin kirci, da wasu cututtukan da kaska take sa wa shanu da tumaki, da ruɓewar kofato, da wasu ciwon huhu. Allurar nan mai daɗewa a jiki, mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, ana yin mililita 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba, can cikin tsoka. Bijimi mai kilo 250 yana bukatar mililita 25, a rarraba wuri biyu ko uku. Wanda ya yi masa mililita 5 domin tsimi, ya yi hasarar kuɗinsa, ya kuma koya wa cutar jurewa. Kada kuma a kuskura a yi wa mutum allurar dabba.

Cutar Niyukasil mai share kaji lokacin hunturu, da Gumboro, da annobar awaki mai sa zawo da majina, duk bairas ne. Ruwan rawaya ba ya tsai da su. Abin da yake tsai da su shi ne rigakafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana kuwa yin irin waɗannan allurai. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi araha.

A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira bayan magani kafin a yanka dabba, ko a sayar da madara ko ƙwai. Ga allura mai daɗewa, jiran nama yakan kai mako 3 zuwa 4 ko fiye. Dafuwa ba ta kawar da ragowar maganin duka. Wanda ya yi wa saniya allura yau ya kai nononta kasuwa gobe, yana shayar da yaran mutane maganin da aka hana yara.

Yadda Ƙwayoyin Cuta Suke Fin Ƙarfin Magani

Mu manoma mun san zaɓen iri. In fari ya zo, zangarniyar da ta jure ita muke ajiyewa, baɗi kuwa gonar duka ta zama mai jurewa. Haka muke yi wa bakteriya ba da saninmu ba. Cikin miliyoyinsu akan sami 'yan kaɗan masu dabara. Wasu suna da famfo mai fitar da maganin waje da zarar ya shiga. Wasu suna da abin da yake ture shi daga kan injin gini. Duk lokacin da aka sha magani, raunana suna ƙarewa, masu dabara suna saura su cika wurin. Har ma sukan miƙa wannan dabara ga wasu ƙwayoyin da ba danginsu ba. Yawan amfani da magani inda ba a bukatarsa, da shan abin da bai isa ba, su ne suke gaggauta wannan zaɓe.

Wajen 1950 masanan kamfanin Lederle suka lura cewa 'yan tsaki suna saurin girma in an sa musu ɗan Aureomycin a abinci. Nan da nan manyan gidajen kiwo na Amurka da Turai suka mai da shi abin kullum. A 1969 wani kwamiti a Ingila, ƙarƙashin Farfesa Michael Swann, ya yi gargaɗi a kan wannan. A 1976 wani likita a Amurka mai suna Stuart Levy ya buga sakamakon gwajin da ya yi a wata gona. An ba kaji abinci mai oksitetirasaikilin. Cikin mako guda yawancin ƙwayoyin hanjin kajin sun zama masu jure maganin. Bayan wata 5 zuwa 6 aka sami irin waɗannan ƙwayoyi sun yawaita cikin hanjin mutanen gidan, alhali su ba su sha maganin ba. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sa irin wannan magani a abincin dabbobi domin ƙiba tun 2006. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manoman duniya su daina ba dabbobi masu lafiya.

Abin bai tsaya a ƙasashen waje ba. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin cutar da suka fi ƙarfin magani. Yankin da abin ya fi tsanani, in an auna da yawan jama'a, shi ne namu na Afirka ta Yamma. Idan mai araha ya daina aiki, sai mai tsada, mai tsada kuwa yana birni. Talakan ƙauye ne yake fara biya.

Abin Da Jam'iyya Za Ta Iya Yi

Ƙarfin wannan magani kamar rijiyar gari ne. In mutum ɗaya ya ɓata ta, kowa ne zai sha. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Ga shawarwarin da muke roƙo kowace jam'iyyar gama kai ta tattauna a taronta na gaba:

1. A haɗa kuɗi a sayi rigakafin kaji da na awaki tare, a sa rana ɗaya ta ƙauye duka kafin hunturu ya shigo.

2. A sayi maganin dabbobi daga wuri amintacce, a ajiye shi a inuwa a ɗakin ajiyar jam'iyya, a hannun mutum ɗaya wanda malamin dabbobi ya koya wa awo.

3. A buɗe littafi. A rubuta ranar da aka yi wa kowace dabba magani, da ranar da ya halatta a yanka ta ko a sayar da nononta da ƙwanta.

4. A daina zuba magani a ruwan kajin da suke da lafiya. A share akurki, a sauya shimfiɗa, a rage cunkoso, a ware sabuwar kaza mako 2 kafin a haɗa ta da sauran.

5. A tafasa madara kafin a sha ko a kafa nono. A sa leda ko safar hannu wajen taimakon saniya mai ɓari, a binne abin da ya fito cikin rami mai zurfi.

6. Zumuntar mata ta gayyato ma'aikaciyar lafiya ta nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, domin kada wata uwa ta ƙara fasa kafso ga jariri.

7. A ja samari da 'yan mata masu ƙuraje a jiki, a bar yi musu ba'a. Wanda nasa suka yi tsanani a taimake shi da kuɗin mota zuwa asibiti, gama tabon fuska ya fi wuyar magani.

Muna so mu ji abin da kuka yanke. Sakataren kowace jam'iyya ya rubuto mana yawan kajin da aka yi wa rigakafi a bana da yawan waɗanda suka tsallake hunturu, domin mu buga sauran jam'iyyu su gani su ƙaru.